Ƙullin da ke Cikin Fitila

Da rana tsaka wutar ta tashi, a ɗakin wata tela da ke layi na uku bayan katangar masana'anta. Telar ta fita kai ɗinki, ta bar fitila a caji, ta bar mahaifiyarta a gado, tsohuwar da ƙafa ta daina ɗauka tun shekara biyu. Kafin maƙwabta su ɓalle ƙofa hayaƙi ya riga ya gama da ita. Da aka kashe wutar aka tona toka, sai ga ragowar fitilar, robar ta narke ta dunƙule wuri ɗaya, amma ɗan ƙarfen da ke ɗauke da lamba bai ƙone ba. Irin fitilun da ake haɗawa a bayan katangar ce.

A leda aka kawo ta aka dire a teburin Bin-Sawu.

Ita ba 'yar sanda ba ce. Aikinta a masana'antar, idan kaya ya dawo da matsala, ta bi lambarsa baya-baya: wace mota ta fitar da shi, a wane kwali, wane layi ya haɗa shi, daga hannun wa batirinsa ya zo. Shekara tara tana wannan aiki, har ma'aikata suka laƙaba mata sunan ya bi ta. Ta goge ƙarfen da bakin mayafi, ta buga lambar a kwamfuta. A rubuce, wannan fitila ba ta taɓa fita daga ƙofar masana'anta ba. Tana cikin guda ɗari biyu da aka tsare wata huɗu da suka wuce, don batiran da aka kawo a wancan zuwan suna kumbura idan an jima ana musu caji. Jar takarda aka manna wa kowace, aka kulle su a kejin ƙarfe da ke ƙarshen sito, suna jiran ranar da za a niƙe su.

Aka buɗe kejin a gaban manaja, aka zazzage kwalaye. Goma sha huɗu babu su, an cike gurbinsu da fankon roba. Ɗaya ta riga ta ci rai. Sha uku suna can a ɗakunan mutane, kuma duk lokacin da aka kawo wuta wani zai jona tasa.

Kamfani ya tura mota da lasifika ta zaga unguwa, wai duk mai irin wannan fitila ya maido. Manaja ya hana a faɗi dalili, kada kasuwa ta ji cewa kayansu na kamawa da wuta. To wa zai ɗauki kayan sata ya kai ƙofar da mijinta ko ɗansa ke cin abinci? Ko mutum ɗaya bai zo ba. Masu ita suka ƙara tura ta ƙarƙashin gado. Bin-Sawu ta gane cewa mutum ɗaya ne kawai a duniya ya san ƙofofin nan sha uku, shi ne wanda ya kwashi fitilun.

A cikin masana'anta kuwa zama ya ɓaci. Matan layi da ke haɗa kwano lokacin hutu kowace ta koma gefe da nata. Ana gaisawa ana kallon aljihun juna. Manaja ya ba Bin-Sawu kwana uku, ya kuma faɗa mata a fili cewa shi ya riga ya san ɓarawon, direba ne, idan ba ta kawo wani ba shi za a miƙa.

* * *

Ta fara da telar. A ɗakin maƙwabciya ta same ta, zaune a ƙasa, hannunta ɗaya naɗe da tsumma don ta ƙone wajen jan ƙofa. Bin-Sawu ta yi mata gaisuwa. Da ta tambaye ta inda ta sami fitilar, telar ta ce wallahi ba saya ta yi ba. Wata safiya ta buɗe ƙofa ta tarar da ita a bakin dakali, naɗe da tsohuwar jarida, an kankare sunan kamfani an shafe jikin da shuɗin fenti. Ba ta ga kowa ba, ba ta kuma bincika ba, don a lokacin idan wuta ta ɗauke a duhu take juya tsohuwa.

Bin-Sawu ta fito tana jujjuya maganar. Ta saba da ɓarawon da ke kai kaya kasuwa. Wanda zai yi sata, ya zauna ya yi fenti, ya ajiye a ƙofar talaka ya wuce, wannan ba ta taɓa bin sawun irinsa ba.

Direban, wanda kowa ke kira Dogo, ya shigo ofishinta yana zufa tun ba a ce masa komai ba. An tarar da fitila a gaban motarsa, kuma na'urar motar ta nuna yana kauce hanya duk ranar Talata. Ya rantse ya maimaita, ya ce fitilar tasa ce ya saya. Ta duba lambar, gaskiyarsa, lafiyayya ce. Maganar kauce hanya kuwa ya yi ta kame-kame, sai da ta rufe ƙofa sannan ya faɗa da ƙaramar murya cewa matarsa yake kaiwa asibiti wankin ƙoda, a motar kamfani, don ba shi da wata hanya. Ya roƙe ta kada manaja ya ji. Ta ce ya tafi, ba ta rubuta komai ba.

Mai sito, mutum mai faɗa kamar ya ari baki, ya kaɗa mata makullan da ke ɗaure a ƙugunsa ya ce ko matarsa ba ta taɓa su. Maigadi ya buga ƙirji ya ce ba mahaluƙin da ke fita ƙofarsa bai lalube shi ba, manya da ƙanana. Duka biyun sun yi maganar suna kallon cikin idonta, kuma ta san ba ƙarya suke nufin yi ba. Kwana ɗaya ya tafi a banza.

* * *

A wannan rana ta farko, da hutun rana ta ɗauki kwanonta ta nufi lungun Kawu, kamar yadda ta saba.

Kawu yayan mahaifiyarta ne, shi ya riƙe ta tun tana shekara shida da uwar ta rasu. Tsohon mai gyaran rediyo ne, rumfarsa ta mutu da rediyon ya daina lalacewa a gyara sai dai a yar, shi ne kamfani ya ɗauke shi yana gyara abin da ya dawo daga layi. Bencinsa na bakin sito, ƙarƙashin taga, cike da gwangwanayen sukurori da guntayen waya, don shi a duniyarsa babu abin da ya mutu. Duk masana'antar Kawu suke ce masa, har manaja. Ita kuwa uwata yake kiranta, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata. A gefen irin wannan benci ta girma, tana riƙe masa waya yana ɗiga dalma.

Ranar bai ci komai ba. Ya zauna yana juya cokali, ya ce shi bai yarda fitila ce ta ta da wutar ba. Wayoyin gidajen can duk ruɓaɓɓu ne, kowa ya ja daga maƙwabci. Ya ce ai mutanen ofis haka suke, ƙwarzane kaɗan a jikin roba sai su manna jar takarda, a kai abu mai kyau a niƙe, alhali rabin unguwa na kwana a duhu. Wannan mita ta saba jin ta tun shekarar da ya fara aiki, don haka ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Ta ce masa wannan karon ba ƙwarzane ba ne, batiran ne ke kumbura.

Ya ajiye cokalin. "Batiran?"

Ta ce e, ai an rubuta a kwamfuta. Ya ce shi ina ya ga kwamfuta, jar takarda kawai yake gani, kuma jar takarda ba ta faɗin laifin abu. Daga nan ya ture kwanon gefe. Ta ɗauka mutuwar tsohuwar ce ke cinsa, don ya san ta, shi ya taɓa gyara wa telar keken ɗinki.

* * *

A rana ta biyu, da ta rasa wanda za ta ƙara tambaya, ta koma kan gawar fitilar. Ta sa wuƙa ta dinga yankan narkakkiyar robar a hankali har ta kai inda waya ke ratsa ɗan rami ta shiga wajen batir. Rigar wayar ta ƙone, saura jan ƙarfen. A daidai bakin ramin, ta ciki, wayar a ƙulle take, ƙulli ɗaya, ɗan ƙarami, an ja shi ya zauna daram.

A layi ba a ƙulla waya. Ɗigon gam ake sawa a wuce, don kowace fitila daƙiƙa arba'in take yi a hannun mai haɗawa. Ƙulli aikin mutanen da ne, masu gyaran rediyo, suna yi ne don idan yaro ya fizgi waya ƙullin ya tokare a rami, kada dalma ta saki. Ta san wannan saboda an taɓa buge mata hannu tana shekara takwas a kan ta manta da shi.

Ta rufe wurin da tafin hannu kamar wani zai leƙo. Ta ce wa kanta ai masu gyara suna da yawa a gari. Ta tashi ta sha ruwa, ta dawo, ƙullin yana nan.

Da yamma ta koma gida, ta tarar da 'yarta ta baje littattafai a bakin ƙofa tana rige-rige da hasken rana. Ta tambaye ta ina fitilarta. Akwai wata tsohuwar fitilar ƙwai ta mahaifiyar Bin-Sawu, wadda Kawu ya karɓa wata uku da suka wuce ya cire lagwani ya sa mata kayan caji a ciki, ya ce da tarkacen bencinsa ya haɗa, ya ba yarinyar don jarrabawa. Yarinyar ta ce ai Kaka ya zo jiya bayan an tashi aiki, ko zama bai yi ba, ya zare ta daga caji ya tafi da ita, wai zai duba wani abu.

Bin-Sawu ta zauna a kan dakali da jakarta a kafaɗa. Yarinyar ta tambaye ta ko ba ta da lafiya ne, ta ce kanta ke ciwo.

Allah Ya sani ta yi tunanin yin shiru. Ƙulli ɗaya ne, almakashi zai raba ta da shi. Mutumin nan ya sayar da kekensa ya saya mata littattafai, ya ƙi ƙara aure don kada wata ta wulaƙanta ta. Amma duk inda ta juya sai ta ga Dogo a bayan motar 'yan sanda, ranar Talata ta zo babu mai kai matarsa asibiti. Ta kuma ga ɗakuna sha biyu, kowanne da wanda ke kwance a ciki.

Washegari ta riga kowa zuwa. A ƙarƙashin bencin Kawu, bayan gwangwanaye, akwai bokiti cike da yashi. Ta tura hannu ta zaro fitilar mahaifiyarta. An kwance gindinta. Batirin yana gefe, ya kumbura kamar cikin kwaɗo, lambar kayan da aka kulle a keji na manne a jikinsa.

* * *

Da hantsi manaja ya tara su a ɗakin taro: Dogo, mai sito, maigadi, da shugabar layi. 'Yan sanda biyu na zaune a benci a waje suna jiran a nuna musu mutum. Bin-Sawu ta ce a kira Kawu ma. Manaja ya ce me tsoho zai yi a nan, ta ce a dai kira shi. Ya shigo ya zauna a kujerar bakin ƙofa, hularsa a gwiwa.

Ta fara da wanke Dogo. Ta ce fitilarsa ta halal ce, kuma motarsa ba ta taɓa zuwa kusa da kejin ba. Sannan ta juya ga mai sito ta tambaye shi, idan zai je salla, da makullan yake alwala? Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Ya ce a'a, yakan bar su a hannun wanda ba a shakka. Ta tambayi maigadi ko akwai buhun da bai taɓa sa hannu a ciki ba. Ya ce haba, wa zai lalube sa'an ubansa? Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Su biyun suka sunkuyar da kai, ba wanda ya kalli bakin ƙofa.

Ta ajiye guntun wayar a tebur, ta ajiye fitilar mahaifiyarta a gefensa.

"Kawu," ta ce, "wa ya koya mini wannan ƙullin?"

Ya dubi ƙullin. "Ni ne, uwata."

Ya ce shekara shida yana yi. Duk zuwan da aka tsare, yakan ɗebi kaɗan, ya buɗe, ya gyara abin da ya gani, ya ƙulla waya, ya gwada ta kwana biyu a ɗakinsa, sannan ya ajiye a ƙofar wanda ya san yana cikin duhu. Bai taɓa karɓar ko sisi ba, kuma babu wadda ta taɓa ba da matsala. Waɗannan ma ya gwada su, sun kama, haskensu fes. Bai san ciwon yana cikin batir ba, inda ido ba ya gani sai an yi watanni.

Manaja ya fara ɗaga murya, ta ɗaga masa hannu, abin da ba ta taɓa yi ba, ya kuwa yi shiru.

"Wannan na yarda," ta ce. "Amma shekaranjiya na faɗa maka. Ka je gidana ka ɗauke ta 'yata. Sauran sha biyun fa, Kawu? Su ba su da 'ya'ya?"

Nan tsohon ya karye. Ya ce ya je. Ya tsaya a ƙofar farko har sau biyu, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya kasa. Idan ya ce a ba shi fitila, ya faɗa wa unguwa ke nan cewa shi ya kashe tsohuwar. Tsoro ya ji, ya ce, tsoro kawai, ba shi da wata hujja. Ya sa hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Dogo, wanda saura kaɗan a tafi da shi a kan laifin, shi ya tashi ya kawo masa ruwa.

* * *

Ta roƙi 'yan sandan su ba shi zuwa la'asar. Suka yarda, ɗaya ya biyo su a baya. Dogo ya kawo mota da bokitan yashi, Kawu yana gaba a ƙafa, bai duba takarda ba, bai yi kuskuren ƙofa ko ɗaya ba. Ɗakin mai wanki, ɗakin makaho mai saƙar tabarma, ɗakin matar da mijinta ya tafi ya bar ta da 'yan biyu. A kowace ƙofa shi yake sallama, ya ce shi ne ya ajiye, ya zo karɓa, a yafe masa. Waɗanda suka yi wa lasifika kunnen ƙashi suka dinga shiga suna zarowa daga ƙarƙashin gado. Uku daga ciki sun kumbura, ɗaya ma a jone take, da zafi har ba ta taɓuwa. Bin-Sawu ta binne ta a yashi da hannunta, ta kasa kallon jaririn da ke barci a ƙarƙashin soket ɗin.

Da fitilu sha biyun suka cika ta ce su koma. Ya ce saura ƙofa ɗaya.

Telar na zaune inda ta bar ta. Kawu ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da ita, ya faɗa mata. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta dube shi ta ce, "Ashe kai ne, Baba. Kullum idan na kunna ta sai Inna ta ɗaga hannu ta yi wa wanda ya ajiye ta addu'a. Ta ce ko waye, Allah Ya haskaka masa kabarinsa." Ta juya fuska ga bango.

Sai da Dogo da ɗan sandan suka kama shi sannan ya iya miƙewa.

A bakin motar ya tsaya, ya waiwayo yana neman ta. Ta matso, tana jin kamar ita ce za a tafi da ita. Ta zaci zai ce ta kula da ɗakinsa, ko ya ce ya yafe mata. Sai ya tambaye ta da me yarinyar za ta yi karatu, ga jarrabawa ta matso.

Ta ce za ta saya mata sabuwa.

"To," ya ce. "Kafin ki ba ta, ki buɗe gindin ki duba wayar. Gam kawai suke sawa, uwata. Ki ƙulla mata."